Zan iya goge tsatsar da ke jikin tsohon takobin Japan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi wani tsohon takobin samurai a gwanjon kayan tarihi lokacin da nake karatu a waje. Da na zare ƙotarsa sai na tarar ƙarfen da ke ciki ya yi baƙar tsatsa, ga rubutu an sassaƙa a kai, kuma faifan da ke tsakanin ƙota da ruwan takobin ya yi duhu. Zan iya goge su har su yi ƙyalli?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, don Allah kada ka taɓa. Abin da kake son gogewa shi ne mafi daraja a jikinsa.

Wannan wutsiyar ƙarfe da ke shiga cikin ƙota, wadda Japanawa ke kira nakago, galibi ba a taɓa wasa ta tun ranar da maƙeri ya gama aikinsa. Launin tsatsarta, da sawun zarto da ke kanta, da yawan hujin da aka yi wa ƙusar gora mai riƙe ƙota, su masana ke dubawa su kimanta shekarun takobi. Tsatsa baƙa mai santsi ta daɗe, kuma ta daina cin ƙarfen. Ranar da ka goge ta, ka goge shaidar, kuma ba ta dawowa. Ja mai ɓarɓashi ita ce abar damuwa, ita ma ba aikin gida ba ce.

Rubutun kuwa galibi sunan maƙeri ne, wani lokaci da garinsa da shekarar ƙira. Amma kada ka yi saurin murna, domin sa hannun ƙarya tsohon abu ne a Japan. Shahararren maƙeri Masamune, wanda ya yi ƙira a yankin Sagami wajen ƙarshen ƙarni na 13, bai cika sa suna a takubbansa ba, don haka duk wanda ya nuna maka sunansa ɓaro-ɓaro, ka yi hattara. Ga kuma takubban soja na Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda da yawansu aikin masana'anta ne. Hukumar tantance takubba da ake yarda da takardar shaidarta ita ce NBTHK da ke Tokyo, wadda aka kafa a 1948.

Sai faifan nan, tsuba. Duhunsa na iya zama da gangan aka yi. Maƙeran ado na Japan suna haɗa jan ƙarfe da ɗan zinariya, su dafa shi a wani ruwan magani har ya koma baƙi mai ratsin shuɗi. Shakudo ke nan. In ka sa madubin ƙara girma, mai yiwuwa ka ga an jera ɗigo-ɗigo ƙanana kamar ƙwan kifi, kowane ɗaya da bugunsa na hannu, a layi ba karkata. Gidan Goto, wanda Goto Yujo ya kafa a ƙarni na 15, ya shahara da irin wannan aiki, ya kuma yi wa masu mulki hidima ɗaruruwan shekaru. Launin a saman fata kawai yake, man goge ƙarfe zai cinye shi cikin minti biyu, ya bar maka jan ƙarfe tsirara. A ganina wannan ta fi kowace ɓarna ciwo.

Kada ka ɗauka faifan da ruwan takobin tsara ɗaya ne. Ana sauya wa takobi ƙota da kube da kayan ado sau da dama, kuma bayan dokar 1876 da ta hana ratayen takobi, an raba da yawansu aka sayar wa Turawa ɗaiɗai. Shi ya sa ake kimanta kowanne daban.

Abin da za ka yi kaɗan ne. Kada ka riƙe ruwan takobin da hannu tsirara, gumi na haifar da tsatsa. Ka share shi da ƙyalle mai laushi, ka shafa mai siriri, irin man choji ko man keken ɗinki mai tsabta, ka ajiye a wuri busasshe, musamman da damina. Wasawa kuwa aikin togishi ne, wato ƙwararren mai wasa takobi, wanda ke shafe kusan shekara 10 yana koyo. Ka ɗauki hoton wutsiyar gaba da baya cikin hasken rana, da na faifan, ka aika wa masanin da ba shi ne zai saya ba.