Tambayi Injiniya: Tazarar Rijiyoyin Ɗumama Gida

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Ina zaune a wani bene a Uppsala, ƙasar Suwidin. Kwamitin gidanmu zai haƙa rijiyoyin burtsatse 8 don na'urar da ke jawo ɗumin ƙasa ta ɗumama ɗakuna. Filinmu ƙarami ne, sai mai kwangila ya ce a cusa su wuri ɗaya, mita 6 tsakani. Mu yarda?
Daga wata mai karatu, Uppsala.

Amsa: Malama, kada ku sa hannu tukuna. Kin san yadda ruwan rijiya a gida yake da ɗumi da hunturu, da sanyi da bazara? Ƙasa ce ke riƙe zafinta in an wuce kamar mita 15. Shi na'urarku ke tsotsa ta bututun roba mai ɗauke da ruwa da sinadarin hana daskarewa.

Damuwata ita ce a Suwidin ɗibar zafi kuke yi kusan duk shekara, mayarwa kaɗan. Rijiyoyin da ke manne da juna zafin dutse ɗaya na ƙarƙashin ƙasa suke tsotsa, na tsakiya su fi shan wahala. Shekarar farko lafiya lau. Bayan shekara goma dutsen ya huce, na'ura tana ta nishi, kuɗin lantarki yana hawa. Wani mai bincike, Per Eskilson, ya lissafta wannan a Jami'ar Lund tun 1987, kuma da lissafinsa ake aiki har yau. Shi ya sa a ƙasarku ake son mita 20 tsakanin rijiyar gida da ta maƙwabci.

Cusa su yana da amfani ne in ajiyar zafi ake yi. A unguwar Drake Landing ta Kanada an matse rijiyoyi 144 don a tara zafin rana na gidaje 52.

Ga shawarata. A haƙa ɗaya tukuna, a yi mata gwajin zafi na kwana biyu zuwa uku, a san ainihin ƙarfin dutsenku. A jera sauran a layi ko a bakin fili, a karkata haƙar su yi nisa da juna can ƙasa. In fili ya hana, a mayar wa ƙasa ɗumi da bazara, daga iskar da gidan ke fitarwa. Kuma ki nemi mai kwangila ya nuna muku zafin ruwan bututun a shekara ta 25, a rubuce.