Cyberpunk, Starfield ko Mass Effect: wanne zan fara da shi?

Tambaya: Salam malam. Ni a Agege nake zaune, ina gyaran waya a Computer Village. Ina da PS4 tokumbo, kuma gaskiya na gaji da buga ƙwallo kullum, ina son in shiga irin gem ɗin nan na RPG, wato waɗanda kai ne jarumin labarin, masu jirgin sararin samaniya da labarin duniyar nan gaba. To duk wanda na tambaya sai ya faɗa min daban. Wani abokina ya ce Cyberpunk 2077 shirme ne kar in ɓata kuɗina, wani ya rantse babu kamarsa, wani kuma ya ce in haƙura in tara kuɗin Xbox saboda Starfield, wai duniyoyi dubu ne a ciki. Me ya sa ake wannan saɓanin, kuma wanne zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina. Abokanka biyu na farko duk gaskiya suka faɗa maka, kawai ba gem ɗaya suka buga ba ko da yake sunan ɗaya ne. Bari in fara da wannan ɗin tunda shi ya fi rikita ka.

Cyberpunk 2077 kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Folan ne ya yi shi. Tun 2012 suka sanar da shi, mutane suka yi ta jira shekara takwas, a 2020 kaɗai sau uku aka ɗaga ranar fitowarsa, daga Afrilu aka kai Satumba, daga nan Nuwamba, sai a 10 ga Disamba ya fito. Kafin ya fito mutum miliyan 8 sun riga sun biya kuɗinsu. Da ya fito, a kwamfuta mai ƙarfi yana tafiya da ɗan dama-dama, amma a PS4 irin taka abin ba a cewa komai, kana tuƙi sai titi ya ɓace, fuskar mutum ta ƙi fitowa sai ka tsaya ka jira ta, gem ɗin ya mutu ya maido ka waje ba sallama. Masu sharhin da suka yabe shi kafin ranar kuwa na kwamfuta kawai aka ba su. Abin ya kai Sony ta cire shi daga shagonta na intanet a watan da ya fito, ta mayar wa mutane kuɗinsu, bai dawo ba sai Yunin 2021. Wanda ya ce maka shirme ne wannan ya gani. Shi kuma mai rantsuwar, ina kyautata zaton ya buga shi ne bayan Satumban 2023, lokacin da aka saki gyaran da ake kira 2.0 tare da ƙarin labari na Phantom Liberty wanda Idris Elba ya fito a ciki, aka sake tsarin 'yan sanda da tsarin ƙara wa ɗan wasa ƙarfi gaba ɗaya. Sai dai ga inda gizo ke saƙar a wajenka, wannan babban gyaran da Phantom Liberty ba su zo PS4 ba sam, a PS5 da Xbox Series da kwamfuta aka sake su a 2023. Na PS4 an ɗan lallaɓa shi ya fi da, amma birnin cikin gem ɗin, Night City ɗin da abokinka ke ba ka labari, ba ita za ka gani ba. Ni dai da ni ne zan ajiye shi sai ranar da Allah ya hore PS5.

To maganar duniyoyi dubu. Nan ne nake son ka tsaya ka saurare ni da kyau, don wannan lissafin shi ke cinye kuɗin mutane.

Starfield na kamfanin Bethesda ya fito a Satumban 2023, kuma gaskiya ne akwai duniyoyi sama da 1,000 a ciki. Amma ka tambayi kanka, wa ya zauna ya gina su? Babu kamfanin da ke da ma'aikatan da za su zana duniya dubu da hannu. Abin da ake yi shi ne a gina 'yan birane da hannu, a zana wasu gine-gine kamar sansanin 'yan fashi ko tsohon ɗakin bincike, sauran filin kuma a bar wa kwamfuta ta shimfiɗa duwatsu da rairayi da lissafi, ta riƙa ɗauko gine-ginen nan tana dasawa nan da can. Shi ya sa za ka sauka a wata duniya ka shiga gini ka karanta wasiƙar da wani ya bari a kan tebur, bayan kwana biyu ka sauka a wata duniyar daban ka tarar da ginin nan dai, teburin nan, wasiƙar nan ko waƙafi bai canza ba. Daga nan zuciyarka ta daina yarda da duniyar. Sannan mutane sun sa rai za su tuƙa jirgi daga sama su ratsa gajimare su sauka da kansu, ashe taswira za ka buɗe ka danna wurin, allo ya yi lodin, ka tsinci kanka a ƙasa. Ko motar yawo a doron duniyoyin babu ita sai a Agustan 2024 aka ƙara, kafin nan sai dai ka yi ta sayyada. Ban ce ba shi da daɗi ba fa, wanda ke son ƙera jirgi gunduwa-gunduwa zai iya kwana a kansa, kuma wasu labaran ƙungiyoyin ciki suna da kyau. Amma a ce ka sayar da PS4 ka yi ciko don lambar 1,000, a'a. Gem ne da ke cin wuri sama da giga 100, kai da ka san farashin data a garin nan.

Ba kuma a kansa aka fara ba. No Man's Sky a 2016 da irin wannan tallan ya zo, duniyoyin da lissafinsu ba ya shiga baki, aka saya aka tarar ko haɗuwa da wani ɗan wasa ba ka iya yi, sai a 2018 suka sa. Su dai sun kyauta, sun yi shekaru suna gyara kyauta har mutane suka yafe musu. Akwai ma Star Citizen da ke karɓar gudummawar kuɗi daga 'yan gem tun 2012, ya tara sama da dala miliyan 700, ana ta buga shi a matsayin na gwaji shekara da shekaru. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Dalilin da abin ya fi yawa a gem ɗin sararin samaniya ba ɓoyayye ba ne. In aka ce maka gem ɗin ƙwallo, ka san abin da za ka tarar, mutum 22 da fili. In aka ce sararin samaniya kowa sai ya zana nasa a ka, wani yana son yaƙin jirage, wani kasuwanci tsakanin duniyoyi, wani hira da baƙin halittu, wani so yake kawai ya sauka inda ba kowa ya yi ta kallo, bidiyon talla na minti biyu kuma yana yi wa dukansu alƙawari lokaci ɗaya. Ranar da gem ya fito dole uku cikin huɗun su ji an yaudare su. In ka ji ana zagin gem ka fara tambayar mai zagin me ya je nema.

Abin da ke sa RPG ya zama RPG kuwa shi ne a ba ka zaɓi, kuma zaɓin ya biyo ka. Bari in nuna maka da The Outer Worlds na kamfanin Obsidian, wanda ya fito a 2019 kuma akwai shi a PS4. Tun a farkon wasan jirginka yana buƙatar wata na'urar wuta, wutar yankin kuma ɓangare biyu take ciyarwa, garin Edgewater inda kamfani ke tatsar ma'aikata a masana'antar gwangwani, da wasu da suka gudu daga garin suka kafa zama a wani tsohon lambu. Kai ne za ka je tasha ka juya wutar, wanda ka yanke wa ya shiga duhu, ka ɗauke na'urarsa. Kana isa gaban makunnin sai yarinyar da ke rakiyarka, Parvati, makanikiya 'yar garin, ta tsayar da kai ta ce ka tuna fa akwai mutanen kirki a garin nan da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Ɗan Legas ba sai an yi masa dogon bayani ba, kamar a ce yau kai ne za ka zaɓi unguwar da za a sa a Band A da wadda za ta kwana a kan janareta. Fili ne ɗan ƙarami da za ka zagaye shi da ƙafa, amma za ka fi tuna shi a kan duniyoyi ɗari na dutse da rairayi.

Wanda zan ce ka fara da shi dai shi ne Mass Effect Legendary Edition. Kamfanin BioWare na Kanada ya yi kashi uku, na farko 2007, na biyu 2010, na uku 2012, sai a Mayun 2021 aka gyara hotonsu aka haɗa su wuri ɗaya da kusan duk ƙarin labaransu, yana tafiya lafiya lau a PS4 kuma ba ya buƙatar ka kasance a intanet kana bugawa. Kai ne Kwamanda Shepard, namiji ko mace yadda ka ga dama. Abin da ya sa har yau ake maganarsa shi ne abin da ka yi a kashi na ɗaya yana bin ka har na uku. A na farkon akwai wurin da abokan tafiyarka biyu za su shiga haɗari lokaci ɗaya, ɗaya kawai za ka iya ceto, wanda ka bari ya tafi ke nan, ba za ka ƙara ganinsa ba har ƙarshen labarin. A na biyun kuma duk wasan shiri ne na wani hari na ƙarshe, in ka yi rowa ba ka ƙara wa jirgi sulke ba, ko ba ka tsaya ka taimaki yaranka a kan matsalolinsu ba, ko ka tura wanda bai iya aikin ba ya shiga bututu, sai ka ga suna zubewa ɗaya bayan ɗaya a gabanka, kuma laifinka ne, ba na kowa ba. Mutum biyu za su buga su zo majalisa su ba da labari kamar ba gem ɗaya ba.

Shi ma bai tsira daga bakin 'yan gem ba. Ƙarshen kashi na uku ya tayar da ƙura sosai a 2012, saboda mutanen da suka yi shekara biyar suna zaɓi sun tarar ƙarshen kusan bidiyo ɗaya ne aka canza masa launi, ja ko shuɗi ko kore. Sai da kamfanin ya saki ƙarin bayani kyauta a Yunin shekarar, kuma shi ke cikin wanda za ka saya. Ni a ganina wannan fushin ya fi na Starfield hujja, don an saba musu da cewa zaɓinsu yana da nauyi sannan aka janye a minti goma na ƙarshe. Mass Effect: Andromeda na 2017 kuwa ka tsallake shi tukuna. Sabon kashin da aka nuna ɗan bidiyonsa tun ƙarshen 2020, kar ka sa shi a lissafin kuɗinka sai ka ga wani ya riƙe hannu yana buga shi a gabanka.

Abu ɗaya da 'yan ƙwallo ke shan wahala da shi in sun shigo, haƙurin hira. Na sha ganin yaro ya karɓi hannu yana ta danna maɓalli yana tsallake magana don ya kai wurin harbi, bayan awa ɗaya ya ajiye ya ce gem ɗin ba ya ja. To ai maganar da ka tsallake ita ce gem ɗin. Da Turanci suke, don haka ka kunna rubutun ƙasan allo tun farko, kuma ka sani kowane kashi zai iya cin maka awa 30 in kana bin ƙananan ayyuka. Ba na gidan gem ba ne inda ake biya a buga a tashi wani ya zauna, na ɗaki ne, bayan ka dawo daga Ikeja ka yi wanka ka yi isha'i. Kashi na ɗaya yana ɗan jan ƙafa a farko, za ka yi ta yawo a wata babbar tasha mai suna Citadel kana magana da jami'ai, ka daure har a ba ka jirgin Normandy.

Tunda waya ce sana'arka, akwai Knights of the Old Republic na BioWare ɗin dai, tsoho ne na 2003 amma yana kan Android, sau ɗaya za ka biya, ya dace da zaman go-sulo a danfo. Honkai: Star Rail da ya fito a 2023 kyauta ake sauke shi kuma hotonsa ya haɗu, sai dai kullum yana son intanet, kuma jaruman ciki ta hanyar ƙuri'a ake samunsu, kana iya juyawa har sau 90 kafin a tabbatar maka da babba. In ka san hannunka ba ya jin magana a kan katin banki, kar ma ka fara.

Wajen saye, ka nemi kaset na hannu a nan Computer Village ɗinku ko Alaba, ya fi sauƙi kuma in ka gama za ka iya musanya shi da The Outer Worlds. Legendary Edition na PS4 faifai biyu ne a cikin kwalin, ka buɗe ka ƙirga a gaban mai shago, ka ɗaga bayansu a haske ka duba karce, in da hali a saka a na'urarsa ka ga ya karanta kafin ka tura kuɗi. Ka share wasu tsofaffin ƙwallayen daga PS4 ɗin don yana cin wuri, musamman in taka mai giga 500 ce. Sannan ka riƙa yin sebin, wato adana inda ka tsaya a wasan, da hannunka a gurbi biyu ko uku kana juyawa, kar ka dogara da wanda gem ke yi da kansa, don in aka ɗauke wuta daidai lokacin da yake rubutawa fayil ɗin na iya lalacewa. In ka gama kashi na ɗaya kar ka goge sebin ɗin, shi na biyu zai ɗauko ya san wa ka ceto da wa ka bari.