Amsa ga 'yar'uwar da ke tambaya kan digirin DNP a aikin nas

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kina da digirin farko na nas, kina so ki tafi Amurka ki yi DNP, wato digirin dokta na aikin nas, amma ba ki gane bambancinsa da PhD ba. PhD na masu bincike ne da koyarwa a jami'a, shi kuwa DNP na wanda zai ci gaba da zama a gefen gadon mara lafiya ne, sai dai ya hau matakin da zai duba mutum ya rubuta masa magani, ko ya shugabanci sashe a asibiti. Tun 2004 ƙungiyar AACN, ta kwalejojin koyar da aikin nas na Amurka, ta tsaya kai da fata a kan a koma tsarin DNP ga nas masu hawa wannan matakin, yanzu ma masu son zama nas ɗin sa barci a tiyata dole sai da digirin dokta.

Daga digirin farko shekara 3 zuwa 4 ne, kuma galibi sai kin cika awa 1,000 na horon aiki, a ƙarshe ki yi furojet, misali ki ɗauki wani ɗakin kwantar da marasa lafiya da ake yawan samun gyambon kwanciya ki kawo gyara ki auna ko ya ragu.

Amma fa kafin nan sai an tantance takardunki, galibi ta CGFNS (hukumar tantance takardun nas na ƙasashen waje, yanzu sunanta TruMerit), ki ci jarabawar NCLEX ta neman izinin aikin nas a Amurka ki samu lasisi, nan ne mutane ke maƙalewa gaskiya, ga kuɗin makaranta ba wasa ba. In kuma niyyarki ki dawo gida ki koyar a jami'a ne, ni dai PhD zan ce ki nema.