Amsa: Robar bamba ta koɗe, me zan shafa mata?

Malam, ka ce baƙar robar bamba da ta madubin motarka ta koma fari-fat. Ranar Kaduna ce ke cin ta, ƙurar hunturu ta ƙarasa. Don Allah kar ka bari masu wanki su goga mata baƙin mai ko man birki. Kwana biyu tana sheƙi, sai ƙura ta manne, man birki kuwa har fenti yake ci. Ni garin sabulun wanki ne ya ɓata tawa, har yau abin na damuna.

Ka wanke ta da sabulun mota, ta bushe sarai, sannan ka sa soso ka shafa man gyaran roba mai kariyar rana, a inuwa. Ka goge rarar da tsumma mai laushi. Ka nemi man wajen masu kayan mota a kasuwar Panteka.