Tambaya da Amsa: Zarto Ya Daina Ci, Wanki Yake So Ko Wasawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Zarton injina mai inci 10 bai cika wata biyu ba, amma ya fara ƙona katako, gefen yanka yana baƙi, inji kuma yana nishi. In kai shi a wasa ne? Daga wani kafinta, Tsohuwar Panteka, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, dakata tukuna. Yawancin zarton da ake cewa ya dakushe dauɗa ce kawai ta rufe masa kaifi. Ƙaron itace da gam ɗin filawud suna narkewa da zafin yanka, su manne a gefen haƙora, su daskare. Daga nan zarto sai ya riƙa gogar katako, gugar ta ƙara zafi, zafin ya ƙara narko ƙaro. Ɗanyen katako ya fi kawo wannan.

Fara zare filogi daga soket. Kada ka dogara da cewa an ɗauke wuta, tana iya dawowa hannunka yana kan haƙora. Kwance notin da ke riƙe da zarton a jikin inji, ka kwantar da zarton a farantin roba, ka zuba kananzir har ya rufe shi. Minti 20 zuwa 30 sun isa, amma in ƙaron ya yi kauri bar shi ya kwana, a rufe, nesa da wuta. Sai ka bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya da tsohon buroshin goge baki, har cikin kwarmin da ke tsakaninsu, ka tsane shi da tsumma. Ban yarda da buroshin ƙarfe ba, haka sodar da ake haɗa sabulu da ita: tana cin fentin zarto, masu ƙera shi ma suna hana ta. Goge faifan ƙarfe biyun da ke matse shi, domin ɗan garin katako a nan yana sa zarto rawa.

Bayan wanki ka duba bakin haƙoran a hasken rana. Mai kaifi ba ya sheƙi. In ka ga siririn layi yana walƙiya, to ya dakushe da gaske. Haƙoran da aka liƙa a bakin irin wannan zarto sun fi magagari tauri, sai dutsen daimon ke cin su, don haka mai injin wasawa za ka kai wa. Zarton da ya tsage kuwa a jefar, ba a yi masa walda.

Ƙirga haƙoran ma. Tsaga katako a tsawonsa aikin mai haƙora 24 ne. Mai 60 ko 80 na yankan gicciye da filawud ne, in ka tsaga madaci mai kauri da shi zai ƙona ko sabo ne fil.

Tambaya: Zarton hannuna yana maƙalewa a tsakiyar katako duk da na wasa shi. Daga wani mai koyon aiki, Rigasa.

Amsa: Ɗana, buɗin haƙoran ne ya tafi. Ana karkata su ne ɗaya dama ɗaya hagu, don hanyar yanka ta fi jikin zarto faɗi. Rabin haƙori na sama kaɗai ake lanƙwasawa, ta gefen da yake tun asali; in ka juya shi zai karye. Sannan ka wasa da magagari mai kusurwa uku, kowane haƙori shafa biyu ko uku daidai da ɗan'uwansa. In bakin haƙoran baƙi-baƙi ne tun daga kanti, irin wanda aka ƙona ne don ya yi tauri, magagari ba ya kama shi.

Tambaya: Da damina kurfi da zartunana suna tsatsa. Baƙin mai ya yi? Daga wani mai kujeru, Kakuri.

Amsa: A'a, Malam. Baƙin mai yana ɓata katako, fenti ba ya kama inda ya taɓa. Cire tsatsar da samfefa lamba 400 da ɗigon kananzir, ka goga kyandir a jikin ƙarfen, ka murje da tsumma. Rataye su a bango, kada su kwana a kan siminti ko cikin garin katako mai laima, musamman a watan Agusta.