Sukari ya yi tsada: mazarƙwaila ko sakarin a kwaɓin burodi?

Wani mai gidan burodi ya rubuto cewa kuɗin buhun sukari yana cinye masa riba, kuma an ba shi shawara ya koma sakarin ko mazarƙwaila. Wanne ya fi?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Sakarin dai ka cire shi daga lissafi. Zaƙi kawai yake bai wa harshe, yis ba ya cinsa, kuma NAFDAC ta sha gargaɗin masu burodi a kansa. Ribar da za ta ja a rufe maka gida ba riba ba ce.

Mazarƙwaila tana aiki, domin sukarin da ke cikinta irin na buhu ne. Yis yana da wani sinadari, inbatas, da ke fasa shi gida biyu, gulukos da furuktos, sannan ya ci ya fitar da iskar da ke kumbura kwaɓi. Kamfanonin yis ma da baƙin ruwan da ke saura bayan an tace rake suke kiwonsa, irin wanda ake samu a masana'antun sukari kamar ta Numan. Sai dai mazarƙwaila tana da danshi da ƙasa-ƙasa, tana kuma duhunta burodi. Ka narkar da ita, ka tace, ka kwatanta farashin kilo da kilo, domin wani lokacin ta fi sukari tsada.

Inda nake ganin kuɗinka yake zurarewa shi ne yawan sukarin kansa. Idan ya wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin fulawa, wato kilo 5 a buhu mai kilo 50, sai ya riƙa tsotse ruwan jikin yis. Kwaɓi ya yi nauyi, ya ƙi tashi, yaranka su ƙara yis, ka biya sau biyu. Akwai yis na kwaɓi mai zaƙi. A yis ɗin da ake kira Saf-instant, shi ne mai tambarin zinariya, ja kuma na kwaɓi mai ƙarancin sukari ne.

Fulawar ma tana ciyar da yis, domin sitacinta yana narkewa a hankali ya zama wani nau'in sukari mai suna maltos, in ka ba kwaɓi lokaci.

Ka gwada da buhu ɗaya: rage sukari kilo 1, ƙara lokacin tashi, ka ƙirga burodin da ya fito, sannan ka ji ta bakin masu shayin da ke sari a wurinka.