Sarƙar tsohuwar katafila tana zamewa: a cire gaɓa, a yi walda, ko a sayi sabuwa?

Tambaya

Assalamu alaikum Injiniya. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana katafila D6D da ya saya a gwanjo tun muna yara. Da ita muke share gonaki da haƙa ƙananan madatsun ruwa a ƙauyukanmu da rani. Injinta lafiya lau. Amma tun bara sarƙar hagu take zamewa in direba ya juya a gangare, sau uku ke nan cikin wata biyu. Makanikinmu ya yi ta ɗura giris har aidila, wato gargaren gaba da giris ke turawa ya ɗame sarƙa, ta kai ƙarshe, yanzu ya ce a cire gaɓa ɗaya. Mai walda ya ce a bar masa, zai cike komai. Mai kayan gyara kuma ya ce sai sabuwar sarƙa. Kuɗin hannunmu ba zai sabunta komai da komai ba. Wanne zan bi?

Wani mai karatu daga yankin Funtuwa

Amsa

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa. Abin kirki ya bar muku. Kamfanin Caterpillar ya fara ƙera D6D a 1977, nauyinta ya kusa tan 14, injinta 3306 kuwa duk tsohon makaniki ya san shi da juriya. Shi ya sa ake yawan samun irin naka: inji yana nan garau, ƙafa, wato sarƙa da duk abin da take bi a kai, ta ƙare. Masu ƙera waɗannan injuna da kansu suna cewa ƙafa kan cinye kusan rabin kuɗin gyaran katafila a tsawon rayuwarta.

Malam, mutanen nan uku kowa abin da yake sayarwa ya gaya maka, kuma a cikin bayaninka ban ga wanda ya ɗora tef a kan sarƙar ba. To kada ka fitar da ko kwabo sai an auna.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Kowace gaɓa ta sarƙa fin ne ya haɗa ta da 'yar'uwarta, fin ɗin kuma yana zaune cikin bushin, wato ɗan bututun ƙarfen da ya lulluɓe shi. Duk sanda sarƙa ta lanƙwasa a kan aidila ko a kan sufuroket, wato gargaren nan mai haƙora da ke jan ta daga baya, fin da bushin sai sun gogi juna. In yashi ya shiga tsakaninsu sai ya yi musu aikin dutsen niƙa. Ƙarfen sarƙa ba ya miƙewa kamar roba, fin ne ke rama, ramin bushin yana faɗi, sai tazarar da ke tsakanin fin da fin ta ƙaru. A sabuwar sarƙar D6D tazarar nan kimanin milimita 203 ce, inci 8 ke nan. Ka ɗauka kowace gaɓa ta ƙara milimita 3 kacal. A sarƙa mai gaɓa 36, an ƙara milimita 108. Aidila kuma sai ta matsa gaba da rabin wannan kafin ta ɗame. Can girisin makanikinku ya tafi.

Awon ba ya buƙatar kayan kamfani. A kai katafilar wuri mai lebur, a sa guntun ƙarfe ko fin a cikin haƙorin sufuroket, a ja da baya a hankali har saman sarƙa ya miƙe sosai. Sai a auna daga gefen fin ɗaya zuwa wannan gefen na fin na biyar, gaɓa huɗu ke nan, a nesa da fin ɗin da ake raba sarƙa. Sabuwa za ta ba ka wajen milimita 812. In ka ga 824 ko kusa da haka, lokacin juya fin da bushin ya yi, zan yi bayaninsa a gaba. In ta zarce haka da nisa, an makara. A auna a wurare biyu ko uku, dama da hagu, a rubuta. Littafin injin na ɗauke da cikakken jadawali, kuma lambar da ke jikin katafilar ce za ta nuna maka wanne ne naka.

Sai ka duba wace irin sarƙa ce. Tun shekarun 1970 ake yin mai man shafawa a cikin fin, wadda aka toshe bakin fin ɗinta da ɗan marfi, ga kuma busasshiya ta da. Mai mai ba ta cinyewa ta ciki sai sil ɗinta, wato abin da ke hana man tsiyaya, ya mutu. Bayan an yi aikin awa ɗaya, a kashe inji, ka bi gaɓoɓin da bayan hannu. Wadda ta fi sauran zafi ta bushe. In uku ne ko huɗu, ana iya gyara su. In rabin sarƙar ce, ta koma busasshiya ke nan.

Shawarar cire gaɓa fa? Ana yi, kuma ba zan ce ban taɓa yi ba. In katafila ta maƙale a daji kana son ka fito da ita titi, ko saura kwana biyu a gama aiki, cire gaɓa ka rufa wa kanka asiri. Amma in an ɗauke shi a matsayin gyara, gyaran gangar Auzinawa ne. Ka rage tsawon sarƙa, amma tazarar kowace gaɓa tana nan yadda ta buɗe. An yanka haƙoran sufuroket a kan milimita 203, sarƙa kuma tana zuwa musu da 206 ko fiye. Bushin ba zai ƙara zama a gindin haƙori ba, sai ya riƙa hawa kan tsininsa, yana cin haƙori, haƙori yana cin sa, har bushin ya fashe ko sarƙa ta fara tsallake haƙora da ƙara kamar harbin bindiga. Sannan sarƙar da ta saki ta ciki tana lanƙwasa gefe da gefe kamar maciji, kuma wannan ne ke jefar da ita in an juya a gangare. Ɗaurewa ba ta maganin sa. Ɗaurin da ya wuce kima ma shi ya fi komai saurin kashe bushin da aidila, har ya taɓa giyar ƙarshe da ke juya sufuroket.

Kafin ka yanke hukunci a kan sarƙa, duba abokan tafiyarta, don tare suke tsufa. Gefen gaɓa da rola, ƙananan tayoyin ƙarfen da ke ɗauke da katafila, ke bi a kai, wanda muke kira layi, yana siɗewa. In ka ga leɓen rola ya fara gugar kumburin da fin ke zaune a ciki har wurin yana sheƙi, layi da rola sun ƙare, kuma juya fin a irin wannan sarƙa asarar kuɗi ce. A ɗaga gefe ɗaya, a tokare da katako mai kauri, kada kowa ya shiga ƙarƙashi yana dogaro da haidirolik kaɗai. A girgiza kowace rola da ƙarfe. Wadda ke rawa, ko take yoyon mai, ko ta ƙi juyawa har gefenta ɗaya ya baje, ta mutu. Haƙoran sufuroket in sun yi tsini kamar na zarto, su ma sun gama.

Wurin da nake so ka tsaya da kyau shi ne aidila, domin ka ce hagu kaɗai ke zamewa. Da tsufa ne kawai, da ta dama ma ta fara. Aidila tana zamiya gaba da baya a kan firam, akwai faranta da siraran ƙarafan ciko da ke hana ta karkata. In sun cinye, sai ta riƙa kaɗa kai, ta kalli waje ko ciki, sarƙa kuma inda aidila ta kalla can take bi. Ka sa ƙarfe ka tura ta gefe da gefe ka ga yawan wasan. Ka dubi tudun da ke tsakiyarta: in gefe ɗaya ya fi cinyewa, to ba a saiti take ba. Ka kuma leƙa ƙarƙashi ka duba hannun da ya riƙe firam ɗin ta baya, da ƙarfen da ya gitta ya ɗauki gaban katafila. Tsagewa ko sassauci a nan kan sa firam ya buɗe baki. Sau da yawa a nan cutar take, kuma maganinta ya fi komai araha. In ba a gyara nan ba, sabuwar sarƙa ma za ta faɗi, ta kuma cinye ta gefe ɗaya.

Mai waldarku yana da gaskiya a wasu wurare. Haƙoran takalma, wato farantan da ke ɗaure a jikin sarƙa suna kama ƙasa, ana yanke su a daidaita, a ɗora sabon sandan ƙarfe da aka yi don haka, a yi walda da sanda 7018 busasshiya. Wannan aiki ne mai kyau muddin farantin bai lanƙwashe ba, ramukan kusoshi kuma ba su buɗe ba. Aidila ma ana cike ta, rola ma haka, amma da sharaɗi: a warware ta a cire shaf da sil kafin wuta ta taɓa ta, a cike da sandar ciko, sannan a kai ta injin gurza ƙarfe a mayar da ita zagayayya. Rolar da aka yi wa walda a jikin katafila, zafi ya riga ya kashe sil ɗinta, mai zai tsiyaye, mako kaɗan ta kafe. Kuma kada ya shafa mata sanda mai tsananin tauri wai don ta daɗe. In rola ta fi layi tauri, sai ta cinye layi, sarƙa kuwa ta fi rola tsada nesa ba kusa ba. Duk waldar da za a yi a jikin injin, a maƙala wayar ƙasa dab da wurin, kada wuta ta bi ta cikin boris. Abin da ba zan yarda ya taɓa ba shi ne bushin da layin sarƙa da sandar hannu. Ƙarfe ne da aka gasa fatarsa ta yi tauri, walda tana kashe wannan taurin, ta bar tsagewa.

In awo ya nuna layi na da sauran rai, bushin kuma bai huje ba, to juya fin da bushin ne ya fi dacewa da aljihunka. Ana fitar da su da babban injin matsi, a juya kowanne rabin zagaye, gefen da bai ci ba ya fuskanci aiki, tazara ta dawo kusa da ta asali. Ba aikin guduma da wutar gas ba ne. Wanda ya gasa gaɓa don fin ya fita, ya kashe riƙon da ke tsakaninsu, fin zai riƙa zarewa a bakin aiki. Ka nemi inda ke da injin, ko da sai ka loda sarƙoƙin a mota zuwa Kaduna ko Kano.

In kuwa an makara, sai sayen sarƙa. Ba dole sai ta Caterpillar ba. Akwai kamfanoni irin Berco na Italiya da suka daɗe suna ƙera ƙafar katafila, kuma D6D ba baƙuwa ba ce a wurinsu. Ka sayi sarƙa tsirara ba takalma, ka mayar da naka da aka gyara, da sababbin kusoshi da noti. Ta hannu ma ba laifi, in ka zagaya Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, amma ka tafi da tef ɗinka, ka sa a ja ta ta miƙe ka auna gaɓa huɗu kafin ciniki. Fenti ba ya nuna cikin bushin. Ko juyi ka yi ko saye, abu ɗaya ba na sassauci a kai: haƙoran sufuroket sababbi. A yawancin D6D gutsure-gutsure ne da ake ɗaurawa da kusoshi, kuma su ne mafi sauƙin kuɗi a duk ƙafar. Tsohon haƙori ya saba da buɗaɗɗiyar sarƙa, zai sassaƙe sabon bushin ya mayar da shi kamar tsohon. Rola kuwa ba sai ka canza duka ba. Na gaba da na baya sun fi shan wahala, sai ka sa mafi lafiya a can, ka dawo da masu dama-dama tsakiya, ka kiyaye jerin masu leɓe ɗaya da masu leɓe biyu yadda ka same shi.

Ka karanta wa makanikinku wannan da bakinka. Girisin da ke tura aidila yana cikin matsi mai tsanani. In za a sassauta, a juya bawul ɗin sakin giris zagaye ɗaya kawai, a kau da fuska, a kalli sarƙa ba bawul ba. Giris na iya huda fata. Babban sifirin da ke bayan aidila kuwa a matse yake da ƙarfin tan masu yawa. Kada a yanke shi da gas, kada a kwance notinsa a gareji, ko da ya karye. Ya kashe mutane.

Wajen ɗaura takalma, a kankare fenti da tsatsa daga inda faranti zai haɗu da gaɓa, a ɗaure kusoshi da ma'aunin da littafi ya ce, sannan a ƙara sulusin zagaye. Bayan 'yan kwanaki na aiki a sake bin su.

Ɗaurin sarƙa kuma a wurin aiki ake saita shi, da ƙasar wurin a jikinta. A tafi gaba a tsaya ba tare da taka birki ba, a ɗora miƙaƙƙen katako daga aidila zuwa rolar sama, a auna zurfin lotsawar. Inci ɗaya zuwa biyu ake nema a irin waɗannan tsofaffin. Lakar fadama tana cushewa a haƙoran sufuroket ta ɗame sarƙa da kanta, don haka saitin da aka yi a tsandauri ba zai yi a cikin dam ba. Direba ya riƙa kankare lakar kowace yamma kafin ta bushe ta kama rolar sama. Ya rage gudu da baya, domin a nan bushin ke juyawa a kan haƙori da nauyi a kansa. Ka kuma tambaye shi ko kullum gefe ɗaya yake juyawa, ko kullum hagu ce ke ƙasa in yana yankan gangaren dam. In haka ne, ya riƙa sauya hannu.

Ka aiko min da awon gaɓa huɗu na dama da na hagu, da hoton haƙoran sufuroket, da yawan wasan aidilar hagu, da kuma awa nawa kuke aiki da ita a rani ɗaya. Katafilar da ke aikin wata biyu a shekara ba lissafinta ɗaya da wadda ke kwangila kullum ba, kuma da waɗannan alƙaluman zan iya ce maka juyi ko saye.